An Sace Muryar Tsohuwa

Da hantsin Laraba Ladidi ta buɗe ɗakin ajiya na cocin Gidan Ɗorawa, ta tarar da tagar baya a ɓalle, tabarmin da ta jera bututan ogan a kansu kuma rabi wayam. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin ƙofa ta ɗora hannu biyu a ka, har matan da suka zo shara suka same ta a haka, su suka yi mata ihun.

Wannan ogan, babban abin kiɗan coci mai busa da iska, Turawan mishan ne suka kawo shi a jirgin ƙasa har Funtua tun zamanin kakanni, daga can aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a kan jakuna. Mutanen ƙauyen ba su taɓa wahalar da bakinsu da sunan Turanci ba, Tsohuwa suke ce masa. Tsohuwa ta yi waƙa iya ƙarfinta, sannan gara ta shiga katakonta, ɓeraye suka cinye fatar zugazuginta, ta yi shiru shekara da shekaru. Ladidi, 'yar tsohon mai wa'azin ƙauyen, ta ƙarar da ƙuruciyarta a Legas wajen masu gyaran irin waɗannan kaya, ta dawo gida da furfura da alkawarin cewa Tsohuwa za ta yi waƙa a bikin godiyar kaka na bana. Ta kwance ta kaf, ta wanke kowane bututu, ta jera su suna jiran a mayar da su mazauninsu.

Kafin rana ta take, gari ya gama shari'a. An ga sawun shanu a bayan taga, shanu kuwa a wannan gefen na Awaisu ne, Bafulatanin da rugarsa ke gindin tsamiya a bakin gonaki. Mai'unguwa Yohanna ya aika masa: ko ya dawo da kayan coci kafin Lahadi, ko ya tattara iyalinsa da dabbobinsa ya bar musu ƙasarsu.

* * *

Ladidi ce ta hau babur ta tsallaka rafi zuwa ƙauyen Musulmi da ke makwabtaka da su, ta ɗauko Malam Maharazu mai bin sawu. A da, in saniya ta ɓata tsakanin Bakori da Malumfashi shi ake kira, ya sunkuya ya karanta ƙasa har ƙofar ɓarawo. Yanzu sana'ar ta mutu a tsaye. Ɓarayin shanun zamani da rana tsaka suke zuwa a kan babura, kowa ya san dajin da suka shiga, ba mai neman a nuna masa hanya tunda ba mai niyyar bi. Maharazu ya koma noman masararsa, ya ɗauka ba za a sake tunawa da shi ba sai ranar jana'iza.

Ba don ogan ya tashi ba, sunan Awaisu ya ji. Ya san uban Awaisu, ya ci tuwon sunan Awaisu a gindin wannan tsamiyar. In aka kori Awaisu, ba shi da wani gari da zai ce nasu ne.

A harabar coci ya tarar da Bature, dattijon coci, Sarkin Baka, kuma shugaban 'yan sintirin ƙauyen. Tun suna samari suke farauta tare, sun sha ruwa a gora ɗaya, addini bai taɓa shiga tsakaninsu ba sai wajen tsokana.

"Kai kuma wa ya tono ka?" in ji Bature yana dariya, karyayyen haƙorinsa na gaba a waje. "Wannan sawun ai ko makaho ya karanta shi. Shanu ne, shanu kuma a nan na mutum ɗaya ne."

"To bari makahon ya lalube," in ji Maharazu.

An yi yayyafin ƙarshen damina, ƙasa da laushinta. Ya tsuguna a bayan taga ya daɗe. Shanun Awaisu ne, ba shakka, nan suke bi zuwa rafi kowace safiya. Amma a gefen wani kofato ya ga guntun diddigen mutum, ya lume sosai irin na mai ɗauke da kaya, kofaton kuma a samansa ya sauka.

"Mutum ne ya fara wucewa, shanu suka biyo baya," ya ce. "Ya san lokacin da garke ke bi ta nan, ya bar musu aikin share masa sawu."

"Mai shanu ma ai ya san lokacin shanunsa," in ji Bature.

Gaskiya ce, kuma ta ba Maharazu haushi.

* * *

Bai taɓa shiga coci ba. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa duk da Ladidi ta ce ba dole ba ne. Tsohuwa na tsaye a kusurwa, kanta ya kusa taɓa rufi, cikinta a buɗe kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Ladidi ta nuna masa zugazugin, irin na maƙera ne amma faɗinsa ya kai gado, an yi masa sabuwar riga da fatar tumaki. Daga nan iska ke shiga wani dogon akwati mai huje-huje a jere, kowace huda da bututunta. In aka danna maɓalli, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe a ƙarƙashi, iska ta haura ta ƙafar bututun ta fito ta bakinsa. Kowane bututu murya ɗaya tak ya iya, har ya mutu ba zai koyi ta biyu ba. Dogayen suna gurnani irin na hadari daga nesa, da ƙafa ake taka su. Ƙananan kuma sai ka ce tsuntsaye. Akwai wasu 'yan sanduna a gefe, in ka ja ɗaya sai jeri guda ya farka: wannan jerin kakaki, wancan jerin sarewa.

"Wanne aka ɗauka?"

"Jerin sarewa, Baba. Su ne mafi taushin murya, da su ake waƙar jana'iza." Ta nuna masa tabarmin. "Masu launin toka ne, ba su da kyan gani ko kaɗan. Dubi waɗanda aka bari."

Ya duba. Manyan na gaba masu walƙiya suna nan, na katako suna nan, matsakaitan masu haske suna nan. Ɓarawon ya tsallake duk abin da ke ɗaukar ido ya kwashe munanan.

"Na mene ne su?"

"Dalma ce zalla, kusan. Waɗannan masu hasken kuza ta fi yawa a cikinsu, manyan kuma tutiya."

"Awaisu ya taɓa shigowa nan?"

"Shi ya ba ni fatun tumakin nan, kyauta. Ya shigo ya ga yadda na manna su." Ta share ido da bakin zane. "Laifinsa ke nan, Baba. Ya yi mana alheri, idon mutane ya gan shi a ciki."

* * *

A ruga, Hajo matar Awaisu ta riga ta fara ɗaure ƙorai a raga. Ta gaida Maharazu ba tare da ta ɗago ba. Awaisu ya shimfiɗa masa buzu, ya kawo nono a ƙwarya.

"Malam, me zan yi da bututu? Tatsa zan yi a ciki?" Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ina yaro, in wannan abu ya fara kuka ranar Lahadi, shanu sai su bar ciyawa su ɗaga kai. Na so yarana su ji, shi ya sa na ba da fata."

"Ka ga wani baƙo a kwanakin nan?"

"Wani ɗan gwangwan daga Funtua, Mannir. Ya zo yana tambayar ko za a sayar masa da tsofaffin ƙarafan coci, Ladidi ta kore shi." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Baƙi ba su dame ni ba, Malam. Na gida ne. Tun da 'yan daji suka kashe Bulus ɗan Sarkin Baka a gona bara, 'yan sintiri in sun wuce ta nan ba sa sallama. Ni ma fa an kore mani shanu a wannan harin. Amma tunda kamata ɗaya da masu harin, hasarata ba ta shiga lissafi."

Maharazu ya sha nonon, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari ya hau motar Funtua da zuciya cike da fata. Ya so ƙwarai a ce Mannir ne. Baƙo ne, ɗan birni, in aka kama shi ba wanda zai yi kuka a Gidan Ɗorawa, kowa ya koma gaida kowa.

Ya same shi a bayan kasuwar hatsi, zaune a kan tsibin ruɓaɓɓun ƙarafa. Mannir bai ko razana ba.

"Baba, ni a nauyi nake ci. In na sha wahalar ɓalle taga, manyan zan ɗauka, in bar su in tsinci 'yan ƙanana? Kuma a ka zan ɗauko? Ina da a-kori-kura." Ya buɗe masa shago ya ce ya bincika. "Dalma kuwa, in ka samo ka kawo mani. Ta yi wuya yanzu. Tsohon batirin mota ma kafin ya sauka an saye. Mutanen ƙauye kullum suna nan suna yi mani naci, ban da abin ba su."

Maharazu ya bincika bai ga komai ba. Ya roƙe shi ya zo Gidan Ɗorawa ranar Lahadi don ya wanke kansa a gaban jama'a, ya dawo gida.

* * *

Ranar Asabar ya koma coci. Ladidi ta fara mayar da bututan da suka rage, don zama haka nan zai haukata ta. Tana gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai wani matsakaici ya yi wata irin shaƙaƙƙiyar murya kamar mai mura. Ta zare shi ta juya.

"An lotsa shi. Ba haka na ajiye shi ba."

Maharazu ya karɓa ya kai bakin taga. A can ƙarshen bututun akwai 'yan ramuka a jere, sun yi baka, na sama da na ƙasa. Ya shafa da yatsa. Ya ɗauko wani daga cikin masu hasken, shi ma haka. Na uku ma haka.

Haƙora ne. Ɓarawon ya yi ta ɗaukar bututan yana cizawa, wanda haƙori ya shige ya sa a buhu, wanda ya yi tauri ya mayar. Ɗan gwangwan ba ya cizon ƙarfe, makiyayi ma haka. Mafarauta ne ke yi, in za su zuba harsashin bindigar toka, don su tabbata dalma ce. Maharazu da kansa ya yi wannan cizon ba adadi. A jerin ramukan sama kuma, wuri ɗaya ya zo rabi, gefensa a karkace.

Ya san ranar da wannan haƙori ya karye. Yana wurin, a dajin Maska, bindiga ta yi tutsu ta daki mai ita a baki, shi ya wanke masa jinin.

Baƙin ciki ya turnuƙe shi har ya nemi benci ya zauna. Ya ji haushin Bature, ya ji haushin idonsa da bai tsufa ya daina gani ba.

Bai gaya wa Ladidi komai ba, sai dai ya roƙi aron lotsattsen bututun da guntun dalmar da take faci da ita. Daga nan ya wuce gidan Bature, ya same shi yana ɓarzar masara a zaure.

"Sarkin Baka, ka sa baki a janye maganar gobe. Awaisu bai ɗauki komai ba."

"Ka gano wanda ya ɗauka?"

"Ni dai na ce ka sa baki. Kai ake ji a garin nan. Ka ce a bar shi, ni kuma in koma gonata, in ce sawu ya ɓace mani."

Bature bai bar ɓarza ba. "Ba ni na yanke ba, abokina. Jama'a ce. Kuma ko bai saci wannan ba, zamansa kusa da mu ba alheri ba ne."

Maharazu ya jira ko zai ƙara wani abu. Sai Bature ya tambaye shi yadda masararsa ta yi bana.

* * *

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, aka taru a gindin ɗorawar ƙofar coci. Mai'unguwa Yohanna a kan kujera, Fasto a gefensa, Bature da 'yan sintirinsa a tsaye da bindigogi a kafaɗa. Mannir ya zo yana duba agogo. Awaisu na tsugune can gefe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane kamar mai ƙyanda.

Maharazu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, na je ruga, na je Funtua, na dawo. Ga wani abu a hannuna. Ina so waɗanda suka san ƙarfe su gaya mani ko irin na Tsohuwa ne da aka sace."

Jama'a suka ɗauki guna-guni, ido duk ya koma kan Awaisu. Maharazu ya miƙa wa Mannir guntun. Mannir ya jinjina shi a tafin hannu, ya karce shi da ƙusa. Ladidi ta ƙyasta shi da farce ta kai kunne. Awaisu ya juya shi sama da ƙasa ya mayar, ya ce shi bai sani ba.

"Kawo nan," in ji Bature. "Ana ta wasa da hankalin mutane."

Ya fizge, kafin kowa ya ƙifta ido ya kai baki ya gartsa. "Dalma ce! Ita ce! A ina ka tsince ta?"

"A akwatin aikin Ladidi." Maharazu ya karɓi guntun a hankali, ya zaro lotsattsen bututun daga cikin rigarsa, ya haɗa su ya ajiye a gaban Mai'unguwa. "Ranka ya daɗe, duba cizon nan, ka duba wannan. Mutum huɗu suka taɓa ƙarfen nan yanzu, ɗaya ne ya ciza."

Mai'unguwa ya duba, Fasto ya duba. Rabin haƙorin nan yana nan a duka biyun, a karkace. 

Bature bai musa ba. Ya dubi Maharazu kallon da ya fi zagi ciwo, sannan ya kwance jakar fatar da ke ƙugunsa ya zazzage ta a kan tabarma. Sababbin harsasai suka gangaro, ƙulu-ƙulu, suna sheƙi.

"Ga Tsohuwarku nan," ya ce. "Ranar da aka kashe Bulus muna da bindiga, muna da albarushi, ba mu da abin ɗurawa. Tsakuwa muka harba musu, suna dariya. Kaka ta zo, za su dawo. Na nemi dalma har Funtua ban samu ba, ga ta kuwa a shimfiɗe a kan tabarma ana shafa mata mai. In sun zo, waƙa za ku yi musu?"

"Baba Bature," in ji Ladidi, "wanda ya ƙera su ya mutu tun kafin a haifi ubana. Ba a sake yin irinsu. Da ka tambaye ni, da na sayar da babur ɗina na nemo maka dalma."

"Da kin ce a jira taron dattawa."

"To Awaisu fa?" in ji Maharazu. Muryarsa ta fito da kaushi. "Dalma ka buƙata, ka samu. Shi me ya yi maka?"

"Ban ce shi ne ba. Mutane suka faɗa."

"Kai kuma ka riƙe musu fitila."

Maharazu ya zaci wurin zai kaure da Allah-wadai. Abin da ya ji daban ne. Wani daga baya ya ce ai don kare gari aka yi. Wata tsohuwa ta ce mutumin da ya binne ɗansa ba a yi masa tonon asiri a gaban baƙi. Idanun da ɗazu ke kan Awaisu suka dawo kan Maharazu, da irin zafin nan dai. Mai'unguwa ya yi gyaran murya ya ce wannan magana ta cikin gida ce, dattawan coci za su zauna a kanta. Game da Awaisu kuwa, tunda abu ya bayyana, yana iya ci gaba da zamansa.

Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba wanda ya taka ya je inda Awaisu ke tsugune, sai Ladidi. 'Yan sintiri suka durƙusa suna tsince harsasan ɗaya bayan ɗaya suna mayarwa a jaka, Bature ya wuce ta gaban Maharazu kamar ya wuce kututture.

* * *

Da la'asar Maharazu ya biya ta ruga, yana lallashin zuciyarsa cewa ko ya rasa aboki, ya tsayar da gida guda. Tun daga nesa ya ga bukkokin a kwance, an ɗora sandunansu a kan bijimai. Hajo ta goya ƙaramin, garke ya riga ya miƙa kudu.

"Awaisu! Ba ka ji Mai'unguwa ba? An ce ka zauna."

"Na ji, Malam. Allah ya saka maka, ka cire mani sunan ɓarawo, yarana ba za su tashi da shi ba." Ya ɗaure igiyar kaya ya ja ta da ƙarfi. "Da ina tsammanin ƙarfe suke nema a wurina, in ya fito shi ke nan. Yau na ga abin da aka yi da ƙarfen. 'Yan daji sukan zo su tafi, ba mai sanin inda suke kwana. Ni kuwa kowa ya san inda nake kwana. Ranar da aka sake kai hari, aka rasa wanda za a harba, jakar nan ina za ta nufa?"



Awaisu ya dafa tsamiyar da tafin hannu, ya ɗan jima, sannan ya saɓa sandarsa. Ya yi 'yan taku ya juyo.

"Alfarma ɗaya, Malam. Duk ƙasar nan kai kaɗai ne za ka iya sanin inda muka yi. In sun tambaye ka, ka ce ƙasa ta bushe, ba ka ga komai ba."